Horon farko ga mai son zama jami'in jirgin ruwa

Malam, ka tambayi abin da ɗanka zai fara da shi kafin ya zama jami'in jirgin dakon kaya. A fara gwada idonsa a asibiti. Wanda bai bambance ja da kore ba zai riƙe ɗakin tuƙi ba, domin da launin fitilu ake gane inda wani jirgi ya dosa da dare. Sai horon STCW, wato ƙa'idar duniya ta horar da ma'aikatan jirgin ruwa: tsira a ruwa, kashe gobara, agajin gaggawa da kiyaye kai. Sannan wata 12 a teku.

Wajen ɗaure jirgi sababbi ke sakaci. Igiya in ta tsinke, da ƙarfi take dawowa, tana kisa, kada ya tsaya saitinta. Kafin ku biya kuɗi, ku tambayi NIMASA, hukumar kula da sufurin ruwa ta Najeriya, ko ta amince da makarantar da zai yi horon.