Tambaya da Amsa: Yadda Wiliyam na Normandi ya riƙe Ingila

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na karanta cewa Wiliyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi cikin yini ɗaya. To, ta yaya baƙo da 'yan dubban mayaƙa ya iya riƙe ƙasa sukutum? Daga wata ɗaliba, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Ɗiyata, yaƙin Hastings na 14 ga Oktoba 1066, wanda aka kashe Sarki Harold na Ingila a cikinsa, ƙofa kawai ya buɗe wa Wiliyam. An naɗa shi sarki a cocin Westminster da ke Landan ranar 25 ga Disamba, amma sai da ya shafe kusan shekara biyar yana murƙushe bore, daga Exeter a 1068 har zuwa fadamar Ely a 1071. Mafi muni shi ne abin da ya aikata a arewa bayan tawayen York a 1069, lokacin da sojojinsa suka ƙone rumbuna da kayan noma, suka karkashe dabbobi a tsakiyar hunturu, har yunwa ta halaka jama'a masu ɗimbin yawa. Wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Sai dai takobi kaɗai ba ta isa ba. Ya ƙwace filayen manyan Ingila ya raba wa barorinsa bisa sharaɗin su kawo masa mahaya duk lokacin da ya nema, ya kuma sauke Stigand, ɗan Ingila, daga shugabancin cocin Canterbury, babbar kujerar addini ta ƙasar, a 1070 ya ɗora Lanfranc, malamin coci da ya ɗauko daga Normandi. Ki lura da gidajen tsaron da ya gina: garun da Sarki Tanimun ya kewaye Birni da shi don kare mutanen gari ne, amma hasumiyar Landan da ire-irenta an tsayar da su ne don a sa wa mutanen gari ido.

Wayonsa, a ganina, shi ne bai rusa tsarin da ya tarar ba. Ya bar gundumomi da kotunansu da harajin ƙasa suna aiki, ya sauya masu riƙe da su. A 1086 ya baza jami'ai suka rubuta mai kowane fili da garemaninsa da injinan niƙansa da abin da yake samarwa, aka haɗa littafin Domesday. A watan Agusta na shekarar ya tara manyan masu filaye a Salisbury suka yi masa mubaya'a, ya rasu a 1087.