Amsa ga mai tambaya kan yi wa saniya allurar kalsiyam bayan haihuwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ya dace a yi wa kowace saniyar madara allurar kalsiyam (sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi) ta jijiya da zarar ta haihu. Ni dai na daina, kuma ga dalilina.

Kalsiyam ɗin da ke yawo a jinin saniya bai wuce giram 3 zuwa 4 ba, alhali dakashin ranar farko yana iya kwashe giram 20 zuwa 30. Jikinta yana cike giɓin daga ƙashi da kuma hanji, bisa umarnin wani sinadari da ke fitowa daga wasu ƙananan gaɓoɓi a wuya, tare da bitamin D, amma aikin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya kankama. Idan ka zuba kalsiyam a jijiyar saniyar da ke tsaye tana cin abinci, sai jikin ya ɗauka an wadata, ya janye wannan umarni. Kashegari kalsiyam ɗin ya faɗi ƙasa da inda yake. Haka na yi wa wata saniyata a haihuwarta ta huɗu, da safe na tarar da ita kwance, kunnuwa sanyi ƙalau, hanci a bushe, ta lanƙwasa wuya ta ɗora kai a haƙarƙari, ba tuƙa ba kashi.

Mai irin wannan hali ita allurar jijiya ta kamata, kuma gara likitan dabbobi ya yi ta, a hankali cikin minti 10 zuwa 20, domin gaggawa tana tsayar da zuciya. Kafin ya iso, a tokare ta ta zauna a kan ƙirjinta saboda kumburin ciki, kada kuma a yi mata ɗura, don ba ta iya haɗiya sosai, maganin zai zarce huhu.

Wadda ke tsaye kuwa, musamman daga haihuwa ta uku, ina ba ta dunƙulen kalsiyam ta baki, mai giram 40 zuwa 50, lokacin haihuwa, in maimaita bayan awa 12. Karsana ba na damuwa da ita sosai.

Amma gyaran da ya fi yi mini amfani shi ne na makonni uku kafin haihuwa: na rage ciyawa mai yawan sinadarin fotasiyam, na tabbatar da isasshen sinadarin maganiziyam a abincin shanun, tunda in ya yi ƙaranci sinadarin nan na wuya ba ya aiki yadda ya kamata.