Ga 'yar'uwar da ta ce addu'arta ba ta wuce rufin ɗaki

Salama a gare ki, 'yar'uwa. Tun daren jiya na karanta tambayarki, barci ya ƙaurace mini. Kin ce shekara uku kina addu'a da azumi, ran Lahadi kowa na miƙewa yana ba da shaida, ke kuwa shiru, har kin fara tunanin ko al'ajibi rabon wasu ne, kina tambayar yadda za ki yi Ubangiji ya shigo gidanki. Ƙanwata, kamar bakina kika ara.

Baban yara ya rasu a ƙarshen 2022. Ko kwana goma ba a yi da jana'iza ba ƙaninsa ya zo da mota. Yaron da na goya, na wanke wa kayan makaranta, ya ci tuwona shekara shida. Ya kwashe masarar da ke ɗaki, ya tura babur ɗin yayansa waje, ya ce in miƙo takardar fili, wai mace ba ta gado a gidansu. Autana ya riƙe ƙafar wandonsa yana cewa "Baba ƙarami, ina za ka kai babur ɗin Baba?" ya fizge ƙafarsa ko waiwaye bai yi ba. Abin da ya fi ci mini rai, ran Lahadi na gan shi a layin gaba ya ɗaga hannu sama yana waƙa, idonsa a rufe. Na zauna a baya ina rawar jiki. Na kasa cewa amin. Har yau in na ji wannan waƙar sai ƙirjina ya yi nauyi, kuma ban ɓoye miki ba, gafarta masa kullum sabo nake yinta.

Sai ga wahalar canjin kuɗi ta watan Fabrairun 2023. Kun dai tuna. Ranar da ba zan manta ba, na wuni a layin mai POS na dawo hannu rabbana, na tarar da garin da bai kai rabin mudu ba. Na ɗora ruwa a wuta don yara su ga hayaƙi su yi shiru. Na shiga bayan gida na toshe bakina da zane na yi kuka, na ce Ubangiji, in kana nan to ni ban gan ka ba.

Ina roƙonki, kada ki je wurin masu sayar da mai da ruwa a kwalba. Ni na je. Wani mai gidan addu'a ya ce in shuka iri mai zafi, wato in ba da baiko mai tsoka, cikin kwana bakwai zan ga abin mamaki. Na sayar da keken ɗinkina na kai masa. Da kwana bakwai suka wuce ya ce bangaskiyata ce ƙarama. Allah ya isa tsakanina da shi, ban da wata magana.

Wata tsohuwa a zumuntar mata ce ta zaunar da ni, ta buɗe mini 1 Sarakuna 17. Gwauruwar Zarefat, tana tsintar itace ta dafa na ƙarshe su ci su mutu ita da ɗanta, sai annabi Iliya ya ce mata tukunyar garinta ba za ta ƙare ba. Mama ta ce, "'Yata, duba da kyau, ina aka ce tukunyar ta cika?" Na duba. Ba a ce ta cika ba, cewa aka yi ba ta ƙare ba. Kullum matar nan sai ta sa hannu har gindin tukunya, ta sami na ranar. Manna ma, abincin da Allah ya ba Isra'ilawa a jeji, a Fitowa 16 haka take, shekara 40, wanda ya ɓoye na gobe sai ta yi tsutsa, in ba jajibirin Asabar ba. Ni ina ta jiran buhu ya faɗo daga sama, ashe da tafin hannu ake ciyar da ni.

Daren da na yi kukan nan fa, Hajiya maƙwabciyata ta aiko 'yarta da kwanon gero da garin kuka, ba wanda ya gaya mata komai. A lokacin cewa na yi kirkinta ne kawai. Kirkinta ne, Allah ya saka mata, amma wa ya tashe ta a wannan daren?

Ki sami ƙaramin littafi, kowane dare ki rubuta abu ɗaya da ya zo miki ba da dabararki ba. Kuma ki daina yi wa Ubangiji addu'ar ado. Karanta Zabura 13, sau huɗu Dawuda ya ce "har yaushe". Zabura 88 ma cikin duhu ta ƙare, ba a cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Ni yanzu da asuba, kafin in hura wuta, sai in ce Yesu, shigo ka zauna da mu, kamar yadda almajiransa biyu suka roƙe shi a hanyar ƙauyen Imuwasu bayan ya tashi daga matattu. Su ma tafiyar mil bakwai, yana gefensu ba su gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa.

Masu ba da shaida kuma, kada su tsorata ki. Wasu gaskiya ne, mu yi murna da su. Amma na san wadda ta yi shaidar mota, a daren ta kwana da kumburin ido. Mu mata mun iya ɗaura zanen zumunta a kan ciwo.

Filin dai har yau bai dawo ba. Keken ɗinki na aro nake takawa, yara uku duk suna makaranta. Kuma azumin nan da kika ce kina jerawa, kina da goyo kuwa? In kina shayarwa don Allah ki ci abinci. Rubuto mini ta akwatin saƙo in san unguwarku, ran Alhamis bayan zumunta zan zo mu durƙusa tare.