Babban Faifai a Kan Ƙaramin Inji

Jiya ka tambaye ni me zai hana mu cire murfin ƙaramin injin yankan ƙarfe mu ɗaura masa faifai mai inci 9, tunda ramin tsakiyarsu ɗaya ne. Ajiye sifanar nan, yaro, zo ka zauna.

Ka taɓa kaɗa majajjawa a gona? Dutsen ba son zagaye yake yi ba. Shi dai a bar shi ya miƙe ya tafi. Igiya ce ke janyo shi wajen hannunka, shi ya sa kake jin tana ɗaurewa a yatsunka. Kana saki, ba ya ƙara zagaye ko ɗaya, sai ya bi inda ya dosa a lokacin. To, kowace ƙwaya a bakin faifan nan dutsen majajjawa ce, igiyarta kuwa gam ne da ragar zaren da ke cikinsa.

Juya shi ka karanta. An rubuta 6,600: iyakar juyin da zai ɗauka a minti ɗaya ke nan. Ƙaramin injin namu yana yin wajen 11,000, don faifai mai inci 4 da rabi aka ƙera shi. Za ka ce ai bai ma kai ninki biyu ba. Nan mutane suke rashin ido. Idan gudu ya ninka biyu, jan da igiyar za ta yi ninki huɗu ne. Ya ninka uku, tara. Lissafa namu, sai ka ga ka ɗora wa gam ɗin kusan ninki uku na abin da aka yi shi dominsa. Ko a gudunsa na ƙa'ida, bakin faifan nan mita 80 yake ci a daƙiƙa, kusan kilomita 290 a awa. Wace mota ka gani tana wannan gudu a titin Zariya?

In ya fashe, gutsuren miƙewa zai yi, ga fuskarka a kan layin, ga murfin da zai tare shi ka jefa a ƙarƙashin benci. Na ga wanda aka ɗinke wa kunci har kunne saboda wannan dabarar, gwanin walda ne kuwa.

Ungo kuɗi, je Ƙofar Ruwa ka sayo ƙananan guda biyar. Ka duba zoben ƙarfen da ke tsakiya, akwai watan da shekarar da zai daina aiki. Wanda ya sha damina a shago, ko kyauta ne, bar musu.