Tambaya da Amsa kan Kwamfuta: Shin Katin Sauti Biyu Za Su Zauna a Tsohuwar Kwamfuta Ɗaya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran kwamfuta ne, shagona yana kusa da Terminus a Jos. Kwanakin baya na ciro wata tsohuwar kwamfuta ta kawuna daga sito, Pentium II mai gurbin ISA uku (tsofaffin ramukan soka kati), na tashe ta da tsohuwar manhajar MS-DOS 6.22 domin in nuna wa yarana wasannin da muka yi muna ƙanana. Akwai katin Sound Blaster 16 a cikinta, sannan na tsinci wani kati mai aisi (IC, ƙaramin guntun lantarki) na Yamaha YMF719 a kayan gwanjo. Da na sa su tare, wani wasan ya yi shiru, wani ya daskare, wani kuma kiɗansa yana fita daga katunan biyu lokaci guda. Abokan sana'a sun ce katin sauti biyu ba sa zama a kwamfuta ɗaya. Gaskiya ne? Daga wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abokan sana'arka sun ga abin da ya faru, amma ba su gano dalilinsa ba. Katin sauti biyu, har ma uku, suna zama lafiya a kwamfuta ɗaya, matuƙar an raba musu gado kafin a kunna ta. Abin da ya same ka shi ne katunanka biyu sun fito daga kamfanoninsu da saiti kusan iri ɗaya, kowanne yana ɗaukar kansa shi kaɗai ne a gidan.

A zamanin DOS babu wani direba na gama-gari da ke tsayawa tsakanin wasa da katin sauti, kamar yadda Windows ke yi a yau. Wasan da kansa ne yake magana da katin kai tsaye, kuma yana buƙatar sanin abu uku. Na farko shi ne adireshin katin, wanda a wajen Sound Blaster yawanci 220 ne. Na biyu shi ne layin da katin ke bi ya kira furosesa idan ya gama abin da aka ba shi, wanda ake kira IRQ. Na uku shi ne hanyar jigilar sauti daga memori zuwa katin ba tare da an ɗora wa furosesa ba, wato DMA. A gurbin ISA ba a yin tarayya a kan waɗannan abubuwa. Idan kati biyu suka amsa adireshi ɗaya, amsarsu tana cakuɗewa, wasan ya kasa gane kowanne, shi ne shirun da ka ji. Idan kuma suka haɗu a layin kira ɗaya, wasan yakan tsaya yana jiran saƙon da ba zai iso daidai ba, shi ne daskarewar.

Kafin mu shiga rabon, ya kamata ka san abin da kati na biyu zai ƙara maka, domin ni ban ga amfanin cika kwamfuta da katuna don sha'awa kawai ba. Sa'arka ita ce katunan da ke hannunka kowanne yana toshe ɓarakar ɗan'uwansa. Sound Blaster 16, wanda Creative na ƙasar Singafo ya fitar a 1992, shi ne ya dace da wasannin tsakiyar shekarun 1990 irin su Duke Nukem 3D na 1996, masu iya fitar da sauti mai bit 16. Amma yana da aibi biyu sanannu. Wasan da aka rubuta domin sitiriyon Sound Blaster Pro na 1991 yakan rasa bambancin dama da hagu a kansa. Sannan wasu samfurorinsa suna da cutar maƙalewar sautin kiɗa: idan kati ɗaya yana fitar da ƙarar harbi kuma yana aika saƙon MIDI, wato umarnin kaɗa kiɗa, zuwa wata na'urar kiɗa, sai wani sauti ya maƙale ya yi ta kuka har a fita daga wasan. Ƙari a kan haka, wasu daga cikin na baya-bayan ba su da aisin kiɗa na OPL3 na Yamaha na ainihi, sai kwaikwayon da Creative ya yi mai suna CQM, wanda mai kunne yakan ji bambancinsa. Katinka na Yamaha kuwa yana ɗauke da OPL3 na asali, yana yin sitiriyon Sound Blaster Pro yadda ya kamata, kuma sashensa na MIDI ba shi da waccan cuta.

Yanzu ga rabon, kuma ina roƙonka ka yi shi da biro da takarda tukuna. Ka fara cire layukan da ke da masu su: IRQ 3 da 4 na kofofin siriyal ne, 6 na fulofi, 12 na linzamin PS/2, 14 da 15 na faifan ajiya (hard disk) da faifan CD. Abin da ya rage maka shi ne 5, 7, 9, 10 da 11, kuma tsofaffin wasanni da yawa ba su san wani layi sama da 7 ba, saboda haka a zahiri 5 da 7 ne dukiyar da ake rabawa. A ɓangaren DMA, lamba 2 ta fulofi ce, 4 kuma kwamfutar ta riƙe wa kanta, saura 0, 1 da 3 na bit 8, da 5, 6 da 7 na bit 16.

Shawarata ita ce ka ba katin Yamaha adireshi 220, IRQ 7 da DMA 1, domin wannan ne saitin da Sound Blaster na farko ya zo da shi a 1989, kuma akwai wasannin farkon shekarun 1990 da ba sa tambayar kowa, can kawai suke zuwa. Shi kuma Sound Blaster 16 ka mayar da shi 240, IRQ 5, DMA 3, da DMA 5 na bit 16, tunda wasannin da ke buƙatarsa kusan duk suna da shirin saiti da zai bar ka ka zaɓi lambobin da hannunka. IRQ 7 na kofar firinta ne tun asali, don haka ka kashe kofar a BIOS, wato shafin saitin da ake shiga yayin kunna kwamfuta, idan ba ka amfani da ita. Tun kana cikin BIOS ɗin, ka nuna masa cewa manhajar kwamfutar ba ta raba layuka da kanta, sannan ka ware IRQ 5 da 7 ga katunan ISA, don kada ya miƙa su ga katin hoto ko USB. Katin Yamaha yana da wani sashe na Windows Sound System a adireshi 530 wanda shi ma yake neman hanyar jigila, ka sa shi a takardarka.

Akwai wurare uku da mutane ke mantawa, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya sa kiɗanka ke fita sau biyu. Adireshi 388 gadon katin AdLib ne na 1987, kuma duk katin da ke kwaikwayonsa yana sauraron wannan adireshi, ko da an raba musu sauran. Idan katinka ya yarda a kashe sashen FM ɗinsa, wato sashen kiɗa mai kwaikwayon AdLib, ka kashe na Sound Blaster 16; idan bai yarda ba, ka sauke ƙarar FM ɗinsa zuwa sifili a shirin MIXERSET, ka bar na Yamaha yana waƙa shi kaɗai. Na biyu shi ne adireshin MIDI, wato 330: ka bar wa Yamaha, ka mayar da ɗayan 300. Na uku shi ne kofar sandar wasa (joystick) a 201, wadda dole a kashe ta a kati ɗaya.

Yadda za ka canja lambobin ya danganta da shekarun katin. Na farko-farko suna da ƙananan jamfa a jikinsu da ake cirewa a matsar, kuma galibi an rubuta ma'anarsu a kan allon. Na baya, masu saita kansu, sai da shiri: CTCM ga na Creative, ko kuma wani ƙaramin shiri na zamani mai suna UNISOUND, wanda yake tayar da irin waɗannan katuna da dama a DOS kuma bai zama a memori. Ka sa kati ɗaya, ka saita shi, ka gwada da wasa, ka cire, ka yi wa na biyu haka, sannan ka haɗa su. Kuma tunda a Jos kake, ka kula da lokacin hunturu, domin bushewar iska tana tara lantarki a jikin mutum, musamman mai sanye da suwaita, kuma ɗan tartsatsin da kake ji idan ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kashe aisin da ya shekara talatin. Ka zare filogi, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa kati, ka riƙe shi ta gefe.

Wasanni da yawa suna karanta wani layin saiti mai suna BLASTER ne su gane katin, kuma layin kati ɗaya yake iya kwatantawa a lokaci guda. Don haka ka rubuta ƙananan fayilolin umarnin DOS, wato BAT, guda biyu. Na Yamaha ya ƙunshi SET BLASTER=A220 I7 D1 P330 T4, na ɗayan kuma SET BLASTER=A240 I5 D3 H5 P300 T6, sai ka kira wanda ya dace kafin ka shiga wasa. Daɗin abin yana fitowa ne a wasanni irin Doom na 1993, waɗanda shirin saitinsu ke tambayar katin kiɗa daban da katin ƙara daban. Game da lasifika, ba sai ka sayi biyu ba: ka ja gajeriyar waya daga mafitar sautin kati ɗaya zuwa mashigar ɗayan, ka buɗe mashigar a miksa. Wannan yakan ƙara 'yar shiiii a bayan sauti, kuma idan ta dame ka, ƙaramar miksa irin ta masu sa kiɗa a biki ta fi tsabta.

TAMBAYA: Malam, tawa kwamfutar Pentium 4 ce, ba ta da gurbin ISA ko ɗaya. Idan na sa Sound Blaster Live! guda biyu, zan samu abin da ake nema? Daga wani ɗalibi, Farin Gada.

AMSA: Ba za ka samu ba, ɗan'uwa. Live! katin PCI ne, gurbin da ya gaji ISA, kuma katin PCI ba ya isa ga tsohuwar hanyar DMA yadda katin ISA ke yi, saboda haka Live! na 1998 kwaikwayon Sound Blaster 16 yake yi da wani shiri da ke zama a memori kuma yake buƙatar shirin sarrafa memori mai suna EMM386, wanda wasu wasannin ba sa jituwa da shi sam. Kati biyu irin wannan za su ninka maka matsalar ne kawai. Idan za ka canja, ka nemi kati ɗaya mai aisin Yamaha YMF724 ko YMF744, domin kiɗan FM ɗinsu na asali ne, ko da yake ƙarar wasa a DOS tana dogara ga irin madabod ɗinka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, laftof kawai gare ni. Na ji ana yabon kiɗan Roland MT-32 da na Gravis UltraSound a tsofaffin wasanni. Shin in sayi katunan sauti na USB biyu? Daga wata mai karatu, Bukuru.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki riƙe kuɗinki, domin katin USB mafitar sauti ce kawai, wasan DOS bai ma san da zamansa ba. Abin da kike buƙata shi ne DOSBox, shiri na kyauta da ke kwaikwayon tsohuwar kwamfuta gaba ɗayanta, har da katuna fiye da ɗaya a lokaci guda. A saitinsa na asali Sound Blaster 16 yana 220, IRQ 7, DMA 1 da 5, Gravis kuma yana 240, IRQ 5, DMA 3, sai dai a kashe yake zuwa. Ki buɗe fayil ɗin saitin, ki mayar da layin gus daga false zuwa true, ki kuma sa fayilolin kayan kiɗan Gravis a inda saitin ya nuna, domin wasu wasannin daga can suke ɗauko sautukansu. Gravis, wanda ya fito daga Kanada a 1992, yana loda sautin kayan kiɗa na gaske a cikin memorinsa, shi ya sa Epic Pinball da Jazz Jackrabbit suka fi armashi a kansa.

MT-32 kuwa ba kati ba ne, akwatin kiɗa ne da Roland na Japan ya fitar a 1987, wanda ake haɗawa da kwamfuta ta hanyar kofar MIDI mai suna MPU-401, kuma kamfanin Sierra ya fara tsara masa kiɗan wasa da King's Quest IV a 1988. Shirin da ke kwaikwayonsa shi ne Munt, amma ba ya aiki sai da fayilolin ROM na akwatin, wato kwafin abin da ke cikin memorinsa, waɗanda mallakin Roland ne kuma ba sa zuwa tare da shirin. Idan kin same su ta halaliyar hanya, ki zaɓi Roland a wajen kiɗa, Sound Blaster a wajen ƙara, a cikin shirin saitin wasan.