Amsa: Wa zai gyara mana makarantar firamare da iska ta yaye?

Malam, ka ce iska ta yaye kwanon azuzuwa a firamaren garinku, kana tambayar wa za ku tunkara, kuma ko akwai kuɗin da aka tanada domin irin wannan. Akwai kuwa.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, ita kuma ta raba wa jihohi. Sai dai da sharaɗi: jiha ba ta ganin nata kason sai ta fara zuba kwatankwacinsa. Nan gizo ke saƙar. Jihohi da dama kan yi shekaru ba su biya ba, kuɗi na kwance a Abuja, yara na zaune a ƙasa.

Kada ku garzaya gidan gwamnati da ƙorafi. Ku fara da kwamitin kula da makaranta na SBMC, wanda ya haɗa shugaban makaranta, iyaye da mai unguwa. Ku rubuta takarda, ku haɗa da hotuna, ku kai wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi ne zai miƙa ta ga SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. Ku riƙe kwafi da tambarin karɓa, domin takarda a ofis ba ta tafiya sai da mai bin ta.

Idan akwai ƙaramar sakandare a harabar, ku tambaya game da shirin AGILE na Bankin Duniya, mai tallafa wa ilimin 'yan mata. Kano, Katsina, Kaduna, Kebbi da Borno na cikin jihohin da ya faro, kuma yana ba kwamitocin makarantu kuɗin gyara.