Motata tana zafi a cikin cunkoso: in cire tamostat?

Tambaya: Ina da Toyota Corolla ƙirar 2008. Duk lokacin da na shiga cunkoson Sabon Gari da rana, allurar zafin inji takan haura kusa da ja, amma da zarar na hau titin Zariya na ɗan taka, sai ta sauko. Bakanike ya ce a cire tamostat. Shin wayata za ta iya taimaka mini in gano matsalar? Daga mai karatu a Hotoro.

Amsa: Malam, kada ka bari a cire tamostat tukuna, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwan inji hanya zuwa lagireto, domin bayaninka ya fi nuna matsalar fanka ce. Idan mota tana gudu, iskar da ke shiga ta gaba ce take sanyaya ruwan lagireto, amma idan ta tsaya cik a cunkoso, fankar lantarki ce kaɗai ke jawo iska. Ka kunna injin a tsaye, ka buɗe bonet, sannan ka kunna AC. A yawancin motoci fankar za ta tashi nan take. Idan ba ta motsa ba, a fara duba fiyus da wayoyinta kafin a yi maganar sayen sabuwa a Ƙofar Ruwa.

Wayarka kuwa za ta yi aiki sosai. Ana sayar da wata ƙaramar na'ura mai suna ELM327 wadda ake sokawa a ramin OBD2, wato ramin gwajin kwamfutar mota da ke ƙarƙashin sitiyari, ramin da aka wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996. Tana haɗuwa da waya ta Bluetooth, kuma manhaja irin Torque za ta nuna maka ainihin zafin ruwan a lambobi, ba allura mai lilo ba. Inji mai lafiya yakan zauna tsakanin digiri 85 zuwa 100. Idan ka ga ya haura 105 kuma fanka tana shiru, ka kama ɓarawon.

Al'adar cire tamostat tana damuna ƙwarai, domin aikinta shi ne ta tsare ruwa har inji ya ɗumama, ta buɗe a wajen digiri 82. Cire ta yakan ɓoye ciwon ne kawai, injin ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. Idan ta maƙale, a sauya ta.

Ka kuma haska fitila a fuskar lagireto, za ka ga yadda ƙurar hunturu da guntayen leda suke toshe ƙananan kafofinsa. A wanke shi da ruwa marar ƙarfi. Ruwan burtsatse yana barin farin gishiri da tsatsa a ciki, don haka ka riƙa zuba ruwan sanyaya inji na gora. Murfin lagireto ma a duba robarsa, domin shi ne yake riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100.

Idan allura ta kai ja kana hanya, ka kashe AC, ka faka, ka kashe inji, kuma kada ka taɓa murfin sai bayan aƙalla minti 30, domin tururin yana ƙona fuska. Idan kuma ka zaro sandar auna baƙin mai ka ga ya koma kalar shayi da madara, ko farin hayaƙi yana fita ta salansa, mai yiwuwa gasket ɗin kan inji, wanda ke hana ruwa da mai haɗuwa, ya ƙone, kada ka sake tayar da motar, a ja ta zuwa gareji.